Zoben da Aka Tsinta Cikin Gwangwanin Ƙusa

Kun gan shi, kada ma ku ce ba ku gan shi ba. A kasuwar tsofaffin kaya da ke ci ranar Lahadi bayan tashar jirgin ƙasa, akwai wani tebur tsakanin mai sayar da tsofaffin faya-fayai da matar nan mai kofunan shayi. Hulunan ƙarfe, lambobin yaƙi, wuƙaƙe, da zobba masu ƙoƙon kan mutum a jere cikin akwatin gilashi. Duk inda alamar da doka ta hana nunawa take, an manna mata 'yar farar takarda, kamar wanda ya rufe gyambo da ganye ya ce ya warke. Kun rage tafiya, kun leƙa, sannan kuka ja hannun yaranku kuka wuce wurin mai soyayyen dankali. Ba wanda ya tambayi mai teburin komai. Haka kuke yi a kasuwa, haka kuke yi a gidajenku. Na san da haka domin gidanmu bai bambanta da naku ba.

Sunana Merle, ina koyar da tarihi a makarantar sakandaren garinmu. Kakata ta wajen uba, Irmtraud, wadda muke kira Oma, ta haura tamanin, kuma har yau tana zaune a gidan da aka haife ta. Gidan mahaifinta ne, Ottmar Vennekamp, mai gyaran famfo, wanda ya rasu tun kafin in zo duniya. Abin da muka taso muna ji a kansa bai da yawa. An ɗebe shi soja, ya yi tuƙin motar kaya a fagen yaƙi na gabas, ya dawo da ɗingishi da rashin son magana. Oma kuwa ta ɗauke shi kamar rai. Kowace Asabar sai ta je maƙabarta da butar ban ruwa da ɗan cokalin haƙa, ta gyara furen kabarinsa, kuma ta sha gaya mana cewa nan za a sa ta, kusa da shi da mahaifiyarta.

A bazarar da ta wuce aka ce za a sauya tukunyar ɗumama gidan, don haka ni da mahaifina Gernot muka sauka ɗakin ƙasa kwashe tarkace. Ottmar mutum ne da bai taɓa zubar da ƙarfe ba. Gwangwanayen kofi ne jere a kan kanta, wannan na lanƙwasassun ƙusoshi, wancan na noti, wani na makullan da ba a san ƙofofinsu ba. Ina juye ɗaya a bokiti sai wani abu ya gangaro daban, nannaɗe da tsumma mai maiƙo. Na warware. Zoben azurfa ne da ya yi baƙi, an zagaye shi da zanen ganyaye da alamomin nan, a gabansa ƙoƙon kai yana yaƙe haƙora.

Na san ko mene ne, ai shi nake koya wa yara. Irin zoben da shugaban rundunar SS yake ba wa manyan jami'ansa ne a zamanin Nazi, rundunar da ta tsare sansanonin da aka hallaka miliyoyin mutane. Ba a sayen sa a kanti, kuma ba a ba wa direban motar kaya. Sai wanda ya daɗe a cikinsu, aka yarda da shi.

Mahaifina ya kalle shi sau ɗaya ya kau da kai. Ya ce in mayar da shi bokiti ya bi sauran ƙarafa, Oma ba ta buƙatar ganin wannan a shekarunta. Na ce masa gidanta ne, ubanta ne. Na hau sama da shi a tafin hannuna.

Tana kicin tana feraye dankali. Idonta ya yi rauni, ba ta iya karanta ƙananan rubutu, amma ƙoƙon kai ba ya buƙatar tabarau. Ta ajiye wuƙar. Na ce mata akwai rubutu a cikinsa, ta ce in karanta. Na kai shi kusa da taga na fara: gaisuwar da suke sawa a farko, sai suna. Vennekamp.

"Ya isa," in ji ta.

Na ce akwai sauran rubutu, kwanan wata da sa hannu. Ta ce ta ce ya isa. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da feraye dankali har ta gama kwanon, ta zuba ruwa, ta ɗora a wuta. Sannan ta tashi ta shiga falo ta sauke hoton mahaifinta daga bango, ta kife shi a kan kabad.

Kun san yadda al'adar maƙabartunmu take. Kabari aro ne, in wa'adinsa ya cika ofishin coci zai tambayi iyali ko za su sabunta. In ba su sabunta ba, a cire dutsen, a baje wurin, a shuka ciyawa, wani ya samu. Wa'adin kabarin Ottmar a ƙarshen kakar nan yake cika, kuma tuni Oma ta ce za ta sabunta. Asabar ɗin da ta biyo baya ba ta je maƙabarta ba. Da mahaifina ya tuna mata maganar ofishin coci, sai ta ce a bar su su baje shi. Ita kuma in ta mutu a ƙone gawarta a binne tokar a filin da ba a sa suna. Ba za ta kwanta kusa da mutumin da ya zauna a teburinta shekara da shekaru yana cin miyarta, da wannan abu ɓoye a ƙarƙashin ƙafafunta ba.

Ta daina yin kek ɗin tuffa na Lahadi. Ta rame har wuyan rigarta ya yi mata yawa.

Mahaifina ya ɗora mini laifin duka. Ya ce da na bar kaza cikin gashinta da yanzu tsohuwa tana cikin lambunta. Ya ce mu 'yan yanzu mun yi karatu har ya fi ƙarfin kanmu, muna zaune cikin ɗaki mai ɗumi muna yanke wa matattu hukunci. Yana kirana "mai shari'a". Ni kuma na ce masa wannan shirun nasu da suke kira ladabi, tsoro ne kawai aka sa masa riga mai kyau. Shi da tsaransa sun gaji gidaje da kujeru da agogon bango, amma ba wanda ya yarda ya gaji tambaya ɗaya. Mun yi ta haka a waya har matarsa ta ce mu riƙa yi bayan an ci abinci.

Abin da ni kaina ban sani ba shi ne ko zoben na gaske ne. Na karanta cewa jabunsa ya ninka na ainihin yawa, domin tun da aka gama yaƙi ake zuba su ana sayar wa masu sha'awa. Amma mai yin jabu ina ya san sunanmu? Tunanin bai ba ni wani kwanciyar hankali ba. Duk da haka gani ya kori ji. Na bincika har aka kwatanta mini wani mutum a birnin Paderborn, Herr Stuckenbrock, wanda masu tara kayan yaƙi ke kai wa zobba daga ko'ina ya duba ya ba su takardar shaida. Ban so zuwa wurinsa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana shafa irin waɗannan abubuwa ba abokin hirata ba ne. Sai dai babu wanda ya kai shi sanin su a yankinmu.

Na yi niyyar zuwa ni kaɗai. Da safen da zan tafi na iske Oma a bakin ƙofa sanye da kwat ɗinta mai ruwan toka, jaka a hannu.

"Malama, ki buɗe mini mota," ta ce. "In za a gaya mini ubana ɗan iska ne, da kunnena zan ji, ba ta bakin jikata ba. Ke da in kin fara bayani sai abinci ya huce."

Da mahaifina ya ji za ta, shi ma ya ce zai tuƙa mu, wai tuƙina zai kashe ta kafin labarin ya kashe ta.

Ofishin Herr Stuckenbrock yana saman wani shagon tsofaffin kuɗaɗe da kan sarki. Na zaci zan ga tutoci da hotuna. Ɗaki ne fari fes kamar na likitan haƙori, da tebur, da fitila mai tsananin haske, da ƙaramin sikeli, da madubin ƙara girman abu. Shi kansa dogo ne mai sanƙo da tattausar murya, ya yi karatun ƙirar azurfa da zinariya kafin ya koma wannan sana'a. Ya ja wa Oma kujera, ya kawo mana kofi. Ya sa farar safar hannu ya karɓi zoben da hannu biyu, kamar an miƙa masa jariri. Na ji raina ya ɓaci.

Ya tambaya ko a gida aka same shi, ko sunan da ke ciki na iyali ne. Da mahaifina ya ce e, sai fuskar mutumin ta washe. Ya ce abin da kowane mai tarawa ke mafarkin samu ke nan, zobe daga hannun iyalin mai shi kai tsaye, wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Ya ce yawancin na gaske ba sa nan, domin ƙa'idarsu ita ce in mai zobe ya mutu a mayar da shi fadar rundunar da ke Wewelsburg a ajiye. Saboda haka wanda ya tsira a gida abin alfahari ne. Oma ta dube shi, ta dubi kofinta. Ba ta sha ba.

Ya fara aiki yana bayani, da alama ya saba masu kawo masa kaya suna son jin kowane mataki. Ya auna nauyi, ya auna faɗi. Ya ce na ainihi ba zubi ɗaya ake yi masa ba. Ana yin jikin zoben daban, a daidaita shi da yatsan mai shi a haɗa bakin da wuta, sannan a ɗora ƙoƙon kan a kan mahaɗin. Don haka in ka juya shi ka duba bayan ƙoƙon ta ciki, dole ka ga layin haɗin, ko da siriri ne kamar gashi. Ya sa shi ƙarƙashin madubi ya daɗe yana juyawa. Maganarsa ta fara raguwa. Ya goge wurin da auduga ya sake dubawa. Ya kira ni in leƙa. Na ga azurfa sumul babu layi, sai wasu 'yan ƙananan ramuka kamar fuskar burodi. Ya ce wannan kumfar zubi ce, tana fitowa in an kwafi zobe daga jikin wani zoben. Rubutun ciki kuma, in ji shi, na gaske da hannu ake sassaƙa shi, bakin ƙarfe ya bar yanka mai kaifi. Wannan kuwa injin mai juyawa ne ya ci shi, irin wanda ake rubuta suna da shi a jikin kofin gasar ƙwallo.

Ya cire safarsa a hankali, ya haɗa hannuwansa a kan tebur, ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya, ya kira Oma da sunan aurenta.

"Frau Dirksmeier, ki yi haƙuri. Na san kin zo da kyakkyawan zato, kuma ba na jin daɗin irin wannan rana. Zoben nan jabu ne. Bayan yaƙi da shekaru masu yawa aka yi shi. Ba zan iya ba ki takarda a kansa ba."

Ba wanda ya motsa. Shi kuma ya ɗauka baƙin ciki ne ya rufe mana baki, sai ya shiga lallashi. Ya ce kada mu ji kunya, manyan masana ma an sha yi musu haka. Ya ce wannan bai rage wa mahaifinta daraja ba, mai yiwuwa ya taɓa mallakar na gasken ya ɓace, ya sa aka yi masa madadi.

"Kai dai ka tsaya a inda ka sani," in ji Oma. "Jabu ne ko ba jabu ba ne?"

Ya ce jabu ne, ko shakka babu. Ko kwanan watan ma ya isa shaida. Ana rubuta wa waɗannan zobba wasu 'yan ranaku ne sanannu, ranakun bukukuwansu, amma wannan an sa masa bakwai ga Maris na 1944, ranar da ba ta da wata ma'ana.

Oma ta ɗaga kai. Ta ce ya maimaita. Ya maimaita.

"Tana da ma'ana," ta ce. "Ranar aka tura ni gidan maƙwabta na wuni, uwata tana naƙuda. Ranar haihuwar Hartwig ce. Sakarai. Shashasha. Har a kabari bai daina ba ni wahala ba."

Hartwig ƙanenta ne. Ban taɓa ganinsa ba, ya mutu a haɗarin babur kafin a haife ni, kuma ba a cika ambatonsa a gida ba. Herr Stuckenbrock ya gyaɗa kai ya ce hakan ya dace. A shekarun 1970 akwai masu zuba irin waɗannan zobba suna kaiwa taron 'yan babur, ka faɗi sunanka da ranar da kake so a rubuta maka nan take, kuma yawancin samari ranar haihuwarsu suke bayarwa.

Sai Oma ta fara dariya. Dariya ce mai haɗe da hawaye, kafaɗunta na rawa, tana laluben hankici a jaka. Ta kama hannun mutumin da nata biyu tana yi masa godiya, ta ce tun da aka yi mata aikin ƙugu ba wanda ya faɗa mata magana mai daɗi kamar wannan. Shi kuwa ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ce shekara talatin yana wannan aiki, an zage shi, an yi barazanar kai shi kotu, wani ma ya taɓa fasa masa gilashin ƙofa, amma yau ne aka fara gode masa don ya ce abu jabu ne. Na ce masa wataƙila ya kamata ya tambayi kansa dalili. Mahaifina ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Muna saukowa Oma ta ce yunwa take ji. Muka shiga wani gidan kofi a gefen kasuwa, ta ci yankan kek babba da kirim a kai, ta kuma kai cokali cikin nawa. A nan ta ba mu labarin da ba ta taɓa bayarwa ba. Wata Lahadi, lokacin mahaifina yana ƙarami, Hartwig ya zo cin abincin rana da baƙar rigar fata, yana ta ɗaga hannu yana juya shi. Ita tana kicin tana kwashe miya, sai ta ji ƙarar mari da faɗuwar kujera. Ta fito ta ga mahaifinsu tsaye yana huci, ya riƙe wuyan hannun Hartwig, mutumin da ya haura talatin. Hartwig ya fita ya buga ƙofa, ya yi kusan shekara biyu bai taka gidan ba. Ta tambayi mahaifinta me ya faru, ya ce ta kawo miyar kafin ta huce. Ba ta sake tambaya ba.

"Ban ga abin da ya ƙwace a hannunsa ba," ta ce, "don haka ba zan rantse ba. Amma na san ubana. Ko ƙusar da ta lanƙwashe ba ya iya jefarwa, balle azurfa."

Mahaifina ya jingina da kujera ya sauke numfashi. Na ga idonsa ya yi ja, domin shi ma kakansa ne, kuma tsoron da ya hana shi kallon zoben na gaske ne. Ya ce shi ke nan, magana ta ƙare, a mayar da hoto bango.

Ni ma na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Amma na ce wa mahaifina abin da ya ƙare shi ne maganar zobe. Zoben ya nuna mana Ottmar ba ya cikin waɗanda aka ba wa irinsa, bai nuna mana abin da motarsa ta ɗauka a gabas ba, ko inda ta kai shi. Ya kuma nuna mana cewa ɗan gidanmu, wanda aka haifa ana ruwan bama-bamai, ya girma ya ciro kuɗinsa da kansa ya sa aka rubuta sunanmu a cikin wannan ƙazanta don ado. Me ya sa? Domin ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa komai. An mare shi, aka ce a kawo miya. Na ce gidan adana tarihi na ƙasa yana karɓar tambaya daga kowane ɗan iyali, a ba shi suna da ranar haihuwa, ya binciko rundunar da mutum ya yi aiki da inda aka tura ta. Zan aika.

"Ga ta nan kuma," in ji mahaifina. "Mama, ki yi mata magana. Ko kek ɗin ba za ta bari ya sauka ba."

Oma ta goge bakinta ta ninke hankicin.

"Ki aika, Malama. In amsa ta zo, ki karanta mini har ƙarshe, ko na ce ya isa kada ki tsaya. Amma ba za a fasa dutsen ubana saboda wautar Hartwig ba. Gernot, gobe ka kai ni ofishin coci."

Ta sabunta kabarin. Asabar ɗin da ta biyo baya na raka ta maƙabarta. Furen da ta bari sun bushe, ciyawa ta rufe gefen dutsen. Ta durƙusa a kan tsohon buhu tana tuge ta, tana yi wa mahaifinta mita a kan mutumin da zai ɓoye abu a gwangwani ya bar 'yarsa ta kusa mutuwa a kansa. Kabarin Hartwig yana layi na gaba. Ta tsaya a kansa ta daɗe, ta kira shi sakarai sau ɗaya, sannan ta ce in ɗebo ruwa shi ma a ba furensa. Zoben kuwa mun ba gidan tarihin yankinmu, inda suke nuna wa ɗalibai yadda aka mayar da kayan makasa kayan kwalliya bayan yaƙi.

Amsar gidan adana tarihin ba ta zo ba tukuna, an ce takan ɗauki watanni. Ban san abin da za ta ƙunsa ba. Oma tana cin abinci, ta koma yin kek ɗinta na Lahadi, tana barci. Mu mun yi sa'a, kuma ba na ƙin faɗar haka. Wasunku ba za su yi ba. Wannan ba hujja ba ce ta zama. Waɗanda suka san abin da ya faru a gidajenku suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowannensu yana tafiya da abin da kuka ji nauyin tambayarsa. In akwai tsoho ko tsohuwa da ta rage muku, ku je wurinta a makon nan, ku zauna, ku tambaye ta sunan rundunar da garin da aka tura kakanku. Ku rubuta sunan kakanku da ranar haihuwarsa ku aika a bincika. In amsar ta zo, ku tara yaranku a tebur ku karanta musu ita da babbar murya.